Lambar da Ta Ci Yaya Sale

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Sale. Na ce rasuwa ne don kunyar masu karatu, amma mu a Saminaka mun san kashe shi aka yi, kuma mun san hannuwan da suka yi aikin.

Lokacin da daji ya ɓaci, kwamitin tsaron yankinmu ya fito da dabara. Duk manomin da gonarsa ke wajen dajin Kamuku sai ya riƙe kati mai hoto da lamba, don 'yan sa-kai su bambanta shi da masu kai wa ɓarayin daji fetur da abinci. Aka samo kwamfutoci biyu 'yan gwanjo, ɗaya a Saminaka, ɗaya a Kutemeshi. Aka ce na'urar ce ke zaɓar lamba da kanta kamar ƙuri'a, har abada mutum biyu ba za su sami iri ɗaya ba. Muka yarda, don babu wanda ya isa ya yi musu da kwamfuta.

Yaya Sale mutum ne mai sammako har abin ya zama na tsokana. Kullum maganarsa da sanyin safiya ake kama fara. Ranar da aka buɗe rajista shi ne na farko a layi, ya dawo yana kaɗa min katinsa, wai ni sai rana ta gasa min ƙeya nake tashi.

Bayan wata huɗu 'yan sa-kai suka tare wani mai babur da jarkokin fetur a bakin daji. Ya yar da babur ya tsere, katinsa ya faɗi a taɓo. Ruwa ya cinye hoto da suna, lambar kaɗai ta rage. Aka buga ta a kwamfutar Saminaka, sunan Sale ya fito. Babu wanda ya ce a leƙa ta Kutemeshi.

Ranar kasuwa suka same shi a rumfar masu dawa. Ya zaro nasa katin daga aljihu ya ɗaga sama. "Jama'a, ga nawa nan, ban taɓa yar da shi ba," in ji shi. Sai wani ya ce, "Kun gani ko? Har biyu ya yi, ɗaya na gari, ɗaya na daji." Shaidar da ya kawo ita aka rataya masa. Maƙwabcinmu wanda Sale ke ba wa aron garma shi ya fara ɗaga gora. Kafin in iso sun gama, kuma bai kai asibiti ba.

Sai bayan kaka, da rikicin katuna ya yi yawa, aka kawo mai gyara daga Kaduna. Ya ce kwamfuta ba ta iya ƙuri'a da kanta, sai ta dafa wani abu mai canzawa, kuma waɗannan agogonsu kawai suka dafa. Ƙaramin batirin agogon ya mutu a duka biyun, duk lokacin da aka kunna su sai agogonsu su koma kan rana iri ɗaya da minti iri ɗaya. Manhajar kuma daga ɗaya aka kwafa zuwa ɗaya. Saboda haka na farko a layin Saminaka da na farko a layin Kutemeshi lamba ɗaya suka samu. Aka buɗe ta Kutemeshi, ga sunan mai babur, wanda ya daɗe da barin gari.

Na je wurin shugaban kwamitin da roƙo ɗaya, a tashi bayan sallar Juma'a a faɗa wa mutane Sale ba infoma ba ne. Ya ce, "Malam Isa, a bar kaza cikin gashinta. Ƙaddara ta riga fata." Ƙaddara tana da daɗin faɗa a bakin wanda ba ƙanin mamaci ba. Na koma shekara ta biyu, ya ce a bari gari ya lafa. A ta uku bai fito ba.

Ina yawan tunanin me Yaya Sale zai ce da ya ga yau. Taki sai da lamba, waya sai da lamba, mutum ya zama abin da na'ura ta ce. An canza batiran, an ce yanzu komai daidai ne, kamar batir ne ya riƙe gorar. Ina jin da zai yafe, don shi mai sanyin zuciya ne. Ni ban yafe ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Wanda ya fara dukan yana sahun gaba a masallaci, har yana miƙo min hannu.

Abin da ya rage na Sale bai da yawa. Akwai gonarsa da muke noma rabinta, akwai matarsa Hajara da har yau mata ke janye tulu idan ta iso rijiya. Bara ta ce min in daina zuwa wurin shugaba, ta gaji da jiran amsa. Na daina. Amma tunda masallacin garinmu ya kasa ɗaukar magana guda, bari jarida ta ɗauka. Sale ɗan Saminaka bai taɓa kai wa kowa fetur daji ba, kuma waɗanda suka kashe shi sun san haka tun kafin ya shekara a kabari. Allah ya jiƙansa.