Ɗaurin Goro a Bakin Ruwan Deira

Mu'awiya, wanda muke zama ɗaki ɗaya da shi a unguwar Satwa, shekara goma sha biyar ya yi yana ɗaure huhun goro a kasuwar Mariri kafin ya zo Dubai. Mutum ne da ko ledar burodi ka ba shi ya ɗaure, sai ka nemo wuƙa. Ni kaina ya sha ƙular da ni.

Saura mako guda bizarsa ta ƙare ya samu gwajin aiki a wani jirgin katako mai dakon kaya a bakin ruwan Deira. Mai jirgin, wani dattijon Balarabe, ya ce kwana uku: in ya iya, a yi masa takardun zama, in bai iya ba, sai Kano.

Ranar farko aka jefo masa igiya ya ɗaure jirgi a turken ƙarfe. Kai, jama'a! Bawan Allah ya zage ya yi masa ɗaurin goro, ƙulli kan ƙulli. Da za a matsar da jirgin, ƙarti huɗu suka kasa kwancewa, sai yankewa aka yi.

"Habibi," in ji dattijon, "mu ɗaurinmu ya riƙe tamau, amma ja ɗaya ya kwance. Jirgi tafiya yake yi!"

Mu'awiya ya dawo gida jiki a sanyaye. Wallahi ya ba ni tausayi. Kwana biyu yana koyon zarge a ƙafar gadona, yana ja, abu yana ƙara cijewa.

A rana ta uku aka yi lodin katifu har sama, iska ta taso, tulin ya fara karkata wajen ruwa. Ma'aikata na ta ihu. Mu'awiya bai tambayi kowa ba, ya haye da igiya, ya zagaye, ya taka da ƙafa, ya ja, ya ƙulle kamar yana Mariri. Ko motsi katifun ba su sake yi ba.

Dattijon ya zagaya kayan, ya gwada cusa yatsa ƙarƙashin igiyar, ya kasa. Ya tuntsire da dariya.

"Khalas, shi ke nan, kawo fasfo gobe. Ɗaurin kaya naka ne. Amma igiyar jirgina, don Allah, ko kallonta kada ka yi."

Shekara shida ke nan, har yau bai taɓa ta ba.