Gwaggo Tabawa Mai Masa da Tambayoyinta a Kan Yis

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Maris, 2001, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifina, mai tuyar masa a tashar jiragen ruwa ta Yelwa. Saƙon ya iske ni a jami'a.

Gwaggo, ba ki taɓa shiga aji ba, amma duk danginmu ke kaɗai kika tambaye ni me nake nema a cikin yis har shekara huɗu. Sauran sun ɗauka burodi nake koyo. Na ce miki ƙwayoyi ne masu rai. Na ce a jikin ɗan Adam akwai wata ƙwayar gado mai gadinsa daga ciwon daji, ita muke dasawa a yis mu ga aikinta. In wata ƙwaya ta lalace, mai gadin nan kan umarce ta ta mutu don sauran su tsira.

Kika ajiye ludayi kika ce, "To, ɗiyata Bara'atu, wa ka shaida ma mai gadin ta ɓaci?"

 Kika matsa sai kin ga yis ɗin da idonki, sai da na aro madubin ganin ƙwayoyi a makarantar sakandare. Muka ɗiga ruwan ƙullun masarki mai yis, kika yi ta leƙe har masa ta ƙone a tanda, masuntan da ke jira suna dariya.

Bara kika kira ni ɗaka, kika ɗora hannuna a kan wani kumburi a mamanki. "Nawa mai gadin ya yi barci, ko?" Na so in kewaye, kika hana, na faɗa miki gaskiya. Da muka je asibiti, likita ya ce an makara. Kina dawowa kika tara matan unguwa kika koya musu duba kansu. Maƙwabciyarki Indo ta ji nata ƙullutun tun yana ƙarami, aka cire. Ita ta yi miki wankan gawa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya sa jinyar nan kaffara ce, Ya haskaka kabarinki. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki Malam Mati, da 'ya'yanki Musa da Dudu, da danginmu na Wara da Shanga. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyauta namu ƙarshen. Amin.