Ta'aziyyar da Na Kai Kumasi da Bakina

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma ne, ranar Laraba, bayan mun sallame la'asar. Mu uku ne a runfar albasa: ni, da ƙanena da ke ɗinke bakin buhuna, da direban babbar mota wanda ya dawo daga Kumasi a ranar. Direban ya sha ruwa tukuna. Da ya ajiye moɗa ya ce, "Alhaji, sai haƙuri. Baƙonka ya riga mu gidan gaskiya."

Ban tambaye shi wane baƙo ba. Ni mai masauki ne a kasuwar albasa ta nan ƙasar Malbaza, kamar yadda mahaifina ya kasance. Mai saye in ya zo daga nesa gidana yake sauka, ni ke kai shi wurin manoma, ni ke tsayawa a cika masa buhu, ni ke ganin an yi lodi daidai. Baƙina suna da yawa. Amma in aka ce "baƙonka" ba a ƙara komai ba, mutum ɗaya ake nufi: wani dattijo Kirista, mutumin Kumasi, wanda tun zamanin mahaifina yake sauka gidanmu kowace kakar albasa. Ya iya Hausa irin ta zango, ba ta cika gishiri ba, amma ta ishe mu ciniki da hira da gardama. Shi ya sa ban taɓa buƙatar Ingilishi ba. Karatuna bai yi nisa ba. Na yi lakwal, wato makarantar boko, na fita da ɗan Faransancin da ke raba ni lafiya da mutanen duwan, masu binciken kaya a kan iyaka, ke nan.

Na tambayi direban wa ya rage a gidan. Ya ce babbar ɗiyarsa ce ta riƙe kasuwar, kuma ba ta jin Hausa, ko "sannu" sai an tuna mata. Daga yarensu sai Ingilishi.

"Ga lambarta nan cikin wayata," ya ce. "In kana so in kira ta yanzu in isar maka da gaisuwa."

Na ce a'a. Akwai saƙon da ake aikawa, akwai wanda ba a aikawa. Farashin albasa ana aika shi. Gaisuwar mutuwar mutumin da ya ci tuwon gidanka shekara da shekaru ba a damƙa wa direba ita kamar ƙunshin kilishi. Ko dai ka je da ƙafarka, ko ka yi da bakinka. Gwiwata ta daina yarda da doguwar tafiya, saura baki.

Ƙanena bai ɗaga kai daga buhun ba ya ce, "Da wane bakin, Yaya? Da bonjur ɗinka? Kafin ka koyi kalma biyu an yi sadakar arba'in."

Direban ne ya gyara masa. Ya ce can ba su binnewa rana guda kamar mu. Gawa na ajiye cikin sanyi a asibiti har dangi su taru, kuma an sa rana ƙarshen watan da ke kamawa. Abin ya ba ni mamaki, amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abin da na ɗauka kawai shi ne, ina da sauran lokaci, kuma dole gaisuwata ta isa kafin a sa shi a ƙasa.

Akwai wata malama da ke haya a bayan gidanmu, gwamnati ce ta turo ta koyar da Ingilishi a kwalejin garin. Sa'ar ɗiyata ce. Na aiki mai ɗakina ta roƙa mini ita, ta yarda ta riƙa zuwa zaurena in ta taso aiki, mu yi har a kira magariba.

"Baba, mi kake so ka koya?" ta tambaye ni ranar farko.

"Duka. Amma daga farko."

Na yi mata bayanin halina don kada mu saɓa daga baya. Ni mutum ne mai son abu bi da bi. A lodi, buhun ƙasa ake fara jerawa, sannan na tsakiya, sannan na sama. Wanda ya yi gaggawa ya ɗora na sama a kan rami, kafin mota ta kai Konni kaya sun karkace. Ta ce ta ji.

Muka fara da haruffa. A nan na soma ganin rashin tsarin mutanen. Haruffan su ne dai na Faransanci, amma an musanya musu suna. Wanda malaminmu na lakwal ya koya mini da bulala cewa sunansa "i", nan aka ce "ai" ake kiransa, aka ɗauki "i" ɗin aka ba wani harafin daban. Na haɗiye, na hardace.

Daga nan muka shiga ni da kai da shi da ita da mu da su: I, you, he, she, we, they. Na lura da giɓi, na tsayar da ita.

"Ina 'ke'? Ina 'ku'?"

"Duk you ne, Baba."

"Namiji da mace?"

"You."

"Ashe abin da zan ce wa ɗiyar mamacin, shi zan ce wa jakin da ya shiga mini gona?"

Ta yi dariya har ta rufe baki da gyale. "Haka ne. Su girmamawarsu ba cikin wannan kalmar take ba. Tana cikin murya, da abin da ka jera bayanta."

Muka wuce zuwa am da is da are, waɗanda kowane ke da abokin tafiyarsa: I am, he is, you are. Wannan ya yi mini daɗi, don ya yi kama da tsari. Muka yi sunayen abubuwa: house gida, water ruwa, onion albasa. Ina jin daɗin tafiyar, ita kuwa ina ganin tana yawan duban kalandar da ke rataye a bangon zaure.

Wata yamma ta rufe littafinta ta ce, "Baba, da wannan tafiyar sai an yi shekara da binne shi ba mu kai ga ta'aziyya ba. Bari in rubuta maka 'yan jimloli ka hardace, ka kira ta ka faɗa. Karatun ya biyo baya."

"Ni ba aku ba ne," na ce. "Maganar da ban san abin da kowace kalma ke ɗauke da shi ba, ba ni faɗinta a kan mamaci."

"To wata ya kusa mutuwa."

"Na sani."

Na ga ranta ya ɗan ɓaci, ni ma nawa bai yi fari ba. Can ta gyara zama ta ce, "To faɗa mini ta'aziyyar da Hausa, yadda za ka yi in kana zaune gabanta."

Wannan ba ya buƙatar tunani. Na farko, ka faɗi ko kai wane ne. Na biyu, ka faɗi abin da ke tsakaninka da mamacin. Na uku, ka yi masa shaidar alheri, in ka san shi da shi. Na huɗu, ka roƙa wa na raye haƙuri. Na biyar, ka yi shiru ka zauna, kada ka tashi kamar wanda ya zo ɗiban wuta.

"Ashe kai ma kana da naka littafin," ta ce. "Shi za mu bi. Kowane mataki darasi guda, kuma ba za mu wuce kalma ba sai ka san ta."

Na duba maganar na ga ba ta karya tsari ba. Na yarda.

Matakin farko ya zo da sauƙi: I am your father's friend. Abin lura a nan, Hausa takan fara kawo abu sannan mai shi, mu ce abokin ubanki. Ingilishi mai abu yake gabatarwa, kayansa na biye da shi, sai a maƙala masa ƙaramin "s" don a san nasa ne.

A mataki na biyu na gina jimlata da kaina, ina alfahari: Your father is my guest. Malama ta girgiza kai a hankali. Ta ce is na abin da ke nan ne yanzu. Abin da ya wuce was ake ce masa. Na maimaita, Your father was my guest. Tun ranar da direba ya kawo labarin ban ji mutuwar ta zauna mini a ƙirji ba sai a wannan lokacin. Na ce mata mu tsaya nan, gobe ma rana ce.

Na so in ƙara cewa ya ci abinci a gidana, don a wurinmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Malama ta riga ta koya mini ƙa'ida, cewa aikin da ya wuce "ed" ake ƙara masa a wutsiya, work ya koma worked. Sai ga eat ya ƙi, ya koma ate. Come ya koma came. Go kuwa ya canza kama gaba ɗaya ya zama went.

"Wa ya ba su izini?" na tambaya.

"Waɗannan su ne 'yan kabu-kabun Ingilishi, Baba. Ba su bin layi, kuma ba a zuwa ko'ina sai da su."

Na hardace su ba don na yarda da halinsu ba.

Shaidar alheri gajera ce: He was a good man. Na tambayi kaina ko gaskiya ce kafin in koye ta, na ga gaskiya ce. Bai taɓa sauke buhu a hanya ya ce ruɓaɓɓe aka ba shi ba, kuma da azumi ba ya cin komai a gabanmu. A wurin addu'a malama ta hana ni kalmar da na tsinta da kaina. Ta ce patience haƙurin jiran layi ne, ko na zama da mai wuyar hali. Ga wanda aka yi wa mutuwa cewa suke May God comfort you, wato Allah ya sanyaya miki zuciya. Na ce wannan ma ta yi.

Kwanakin da suka biyo, a runfa nake bita. Masu lodi suka gano, duk wanda ya wuce sai ya ce, "Gud monin, Alhaji," ko da la'asar ce. Ƙanena ya ce gemu ya yi fari an koma lakwal, saura a saya mini gajeren wando da allo. Ban kula su ba.

Asabar ɗin da ta gabaci binnewa, da hantsi, na yi wanka na sa farar riga da hula, na shimfiɗa tabarma a zaure, kamar yadda zan yi in gidan makoki zan je. Malama ta zauna gefe. Ta danna lambar ɗiyar mamacin da na karɓo wurin direba, ta buɗe muryar wayar, ta miƙo mini.

Wata murya ta ce, "Hello?"

Na yi mata barka da safiya, na faɗi sunan garinmu. Sannan na jera maganata ɗaya bayan ɗaya, ban yi sauri ba. Ni abokin mahaifinki ne. Mahaifinki baƙona ne a da. Ya ci abinci a gidana. Mutumin kirki ne. Allah ya sanyaya miki zuciya.

Ba a amsa ba. Na yi zaton layi ya yanke, sai na ji tana jan numfashi. Kuka take. Daga nan ta fara magana, da sauri, kamar ruwan da aka buɗe wa hanya a fadama. Ban shirya wa wannan ba, duk karatuna na baki ne, ban tanadi kunne ba. Malama ta miƙo hannu za ta karɓi wayar. Na girgiza mata kai. Saura mataki na biyar, kuma shi ba ya buƙatar tafinta. Na riƙe wayar na yi shiru, na bar ta ta faɗi abin da ke ranta. Cikin ruwan maganar na tsinci father, na tsinci house, na tsinci thank you fiye da sau ɗaya. Kusa da ƙarshe ta sassauta, kamar ta tuna da wanda take magana, ta ce a rarrabe, "I will come."

Da muka yi sallama na juya ga malama. "I na sani. Come na sani. Mi ne ne will?"

"Ba mu kai nan ba, Baba. Shi ne na abin da ke gaba. Ta ce tun tana ƙarama take jin labarin gidan nan. Ta ce in an cire albasa za ta zo da kanta, kuma nan za ta sauka."

Muka shiga will washegari. Ba mu yi nisa ba hutu ya zo, kuma da aka koma lakwal sai gwamnati ta ɗauke malama ta kai ta Badaguishiri. Ta bar ni da bakin da ya iya ta'aziyya da sayar da albasa kaɗan, da kunnen da ba ya kama magana sai an yi ta a hankali. Ga shi an dasa albasa, ganye ya fara tashi. Baƙuwa za ta zo, kuma mai masaukin da ba ya jin abin da baƙonsa ke faɗi bai cika mai masauki ba.

Don haka ga roƙona gare ka, mai karatu. In kana jin Ingilishi kuma hanya ta biyo da kai babban titin da ya ratsa ƙasar Malbaza, ka tsaya inda ake lodin albasa, ka tambayi tsohon da ke koyon Ingilishi. Kowa zai nuna maka runfata, har da dariya. Ka zauna ka yi mini magana da shi, da farko a hankali, sannan da sauri kamar yadda masu shi suke yi. In na yi kuskure kada ka duba furfurata, ka gyara mini nan take, kuma ka faɗa mini dalili.