Kira na Uku a Kufan Rake

A ƙauyenmu kusa da Dayi, da an ci tuwo sai mu kewaye wutar kara, kakarmu Iya Dije tana kaɗi. Tatsuniyoyinta duk na dariya ne, ban da ɗaya. In za ta yi wannan, sai ta ajiye mazari.

Akwai wani gida, in ji ta, a tsakiyar ruwan gishiri, inda ƙasa ba ta ba da komai sai rake. Gidan ba ya cin hatsi, mutane yake ci. A zuba masa su da safe, da yamma ya tofo zaƙi. Daga baya ya rushe, amma waɗanda ya haɗiye suna nan cikin raken, suna jiran a kira sunansu sau uku su fito.

"Iya, wa ke ciki?" na taɓa tambaya.

"Tanko, ƙanena. Mahara suka ɗauke shi a fadama, da guntun rake a bakinsa. Kai mai ƙafar yawo, in ka je ka kira min shi. Sau uku fa, kada ka rage."

Na girma na bi fatake har Gwanja, na koyi Yarbanci a Ikko, na tsinci kaɗan daga harshen Fotugis a jirgin ruwa. Jirgin nan ya tsaya a wani tsibiri, wani tsohon masunci ya kai ni kufan gidan rake. Kufan ƙasarmu ciyawa ke rufewa, makiyaya su bi ta kai. Wannan kuwa ko akuya ba ta shiga. Ga bangon dutse da saiwa ta tsaga, ga tukwanen ƙarfe da za su haɗiye ƙato, ga zobba a bango daidai wuyan mutum a zaune. Rake ya fito da kansa, ya fi ni tsawo.

Na kira, "Tanko!" Shiru. Na sake kira. Sai raken ya soma darewa, babu iska, wani abu yana tahowa a hankali, kamar mai jan ƙafa. Masuncin ya fizgi hannuna, muka ruga.

Shekaru ina cewa aladen daji ne. Yanzu da na kai shekarun Iya, na gane ba tsorata mu take yi ba. Aikena ta yi, na isa bakin ƙofa na juyo. Jikokina kan kawo min rake, in ce musu haƙora ne suka hana ni. Saura kira ɗaya, kuma ƙafata ta daina tafiya.