Madubai Bakwai na Madam Rauda

Shekara goma sha tara ke nan Rauda Hamadou tana buɗe ɗakin gwaje-gwaje na sashen nazarin halittu a wata jami'ar gwamnati da ke Libreville. A bayan kasuwar Mont-Bouët aka haife ta, inda mahaifinta, mutumin Damagaram, yake da shagon atamfa. Ita kaɗai ce cikin 'ya'yansa ta ƙi zaman shago. Ba malama ba ce. Aikinta ta shirya kayan gwaji kafin malami ya shigo, in an tashi ta wanke, ta kulle ɗakin, wanda suke kira labo.

Lokacin da aka ɗauke ta su uku ne a wurin, da madubin duba ƙwayoyin halitta ashirin da huɗu, ɗalibai kuma ba su kai tamanin ba. Sai gwamnati ta fara tsuke bakin aljihu. Abokin aikinta ɗaya ya yi ritaya, ɗayan ya koma wani kamfanin katako a Owendo, ba a kawo kowa a madadinsu ba. Na'urar sanyaya ɗaki ta mutu. Sau huɗu tana rubuta takarda, ana cewa ta jira kasafin baɗi. Kafin baɗin ya zo, danshin garin ya sa fumfuna ta cinye gilasan madubai. Ta riƙa cire mai lafiya daga wannan tana ɗaura wa wancan, har suka koma bakwai, alhali ɗalibai sun haura ɗari uku.

Ta raba su kashi shida, gwaji guda ana maimaita shi sau shida a yini. Kowa minti biyu ne rabonsa a kan madubi, wani kafin idonsa ya daidaita an ce ya matsa. Da sinadarai suka ƙare, ta koma taho da albasa da zoɓo daga kasuwa. Ruwan zoɓon yana canza launi in an ɗiga masa abu mai tsami, ya ishi a nuna wa ɗalibi. Sau da yawa sai ta haɗa azahar da la'asar. In ta sauka daga taksi da yamma, takalmi ba ya fita ta daɗi saboda kumburin ƙafa.

Ƙaninta Haidar, wanda yake riƙe da shagon yanzu, ya same ta wata Lahadi tana gasa ƙafa da ruwan zafi.

"Yaya, wai gadon jami'ar nan aka bar miki? Akwai asibitin kuɗi a unguwar Louis suna neman mai gwajin jini. Na san mai wurin."

"In na tafi wa zai buɗe musu?"

"Wanda ya tara su."

Duk da haka ta karɓi lambar wayar mai wurin.

Ana gab da komawa sabon zango shugaban sashe, Dakta Moussavou, ya kira ta ofis. Da Faransanci ya yi mata bayani, yana ta gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

"Madam, bana 'yan aji ɗaya da biyu ba za su shiga labo ba. Bidiyo za a haska musu a babban zaure. Na yi iyakar ƙoƙarina."

Ta daɗe tana zaton ranar da aka faɗa mata haka za ta tayar da jijiyar wuya. Sai ta ji kafaɗunta sun sauka, kamar an sauke mata tulu. Wannan sauƙin da ta ji shi ya fi ba ta kunya. Ta ce, "To, Dakta," ta fito.

Yanzu Talata da Alhamis kawai take fito da madubai, don 'yan ajin ƙarshe. Sauran ranakun tana zaune a bayan zaure tana danna maɓalli, ɗalibai ɗari uku suna kallon hannun wani Bature yana aikin da ta saba yi. Ƙarfe biyu take kama taksi zuwa asibitin nan na Louis, inda take ɗibar jini har magariba. Wurin akwai sanyi, kayan aiki sababbi ne, kuma ba mai tambayarta komai.