Baƙuwa a Rumfar Mai Tura Fim

Ranar kasuwar Filinge, Basiratu na zaune a rumfar Zaidu mai tura fim a waya, idonta na kan wata baƙuwa. Doguwar dattijuwa ce mai koɗaɗɗen mayafi, tana tsaye bayan samari masu gardamar ko sabon shirin ya ɓata littafin da aka ɗauko shi daga ciki. Allon da ake nuna shirin a kai kawai take harara.

Ana nuno uwa tana yar da jaririnta a bakin rijiya, sai dattijuwar ta ja tsaki.

"Inna, kin karanta littafin ne?" in ji Basiratu.

"Ban iya karatu ba, ɗiyata. Amma ba haka anka yi ba."

Ta shige cikin taro da sauri. Basiratu na bin ta da kallo, tana tunanin ina wannan jaririn yake yau.