Ɗankwalayen Inna Habi

A bayan gidan koyon ɗinki na Gazawa, wata tsohuwa tana zaune gindin bishiyar bedi. Inna Habi ake ce mata. Gajera ce, haƙoranta jajur da goro, yara bakwai suna barci a tabarmarta. Ɗankwalaye ne jibge a kafaɗarta, ba nata ko ɗaya. Kowace uwa sai ta cire nata ta ba ta kafin ta shiga aji.

Yau jarrabawa ake yi. Wani jariri ya tsala ihu, uwarsa ta saki keke ta yo ƙofa.

"Rahina, koma ki zauna!" tsohuwar ta daka mata tsawa. "Ai ban mutu ba."

Ta zaro koren ɗankwalin Rahina, ta lulluɓe yaron, ta saɓa shi a kafaɗa. Da ya ji ƙamshin uwarsa, sai ya yi tsit. Yadda take leƙen tagar ajin nan, wataƙila ita ma akwai abin da goyo ya hana ta koya.

Can Rahina ta fito da gudu tana ɗaga riga sama. "Inna, na ci!"

Inna Habi ta rangaɗa guɗa har yaran bakwai suka farka gaba ɗaya. Ko a jikinta, ta ƙara wata.